Ruwan da Gwaggo Laraba Ta Aika Japan

Idan ka bar Kura ka nufi Bunkure, kafin gadar babban kanal akwai wata ƙaramar hanya ta hannun dama da ke shiga Unguwar Jaji. Ba sai ka tambayi gidan Gwaggo Laraba ba. Ka duba inda farin tururi yake tashi da safe, can ne. Shekara talatin da ɗoriya ke nan tana gumin shinkafa: a jiƙa shanshara, wato wadda ba a casa ba, ta kwana, a turara ta a duro, a shanya, sannan a kai inji. Yayar mahaifina ce. Ni nake riƙe da littafin gidanmu da ake rubuta haihuwa da aure da rasuwa, shi ya sa da ta yi fim aka ce in rubuta wannan ma, duk da ba wanda ya san shafin da ya dace da shi.

Su huɗu kakanmu Jaji ya bari. Baba Sallau ne babba, sai Gwaggo, sai Baba Daniel, sai mahaifina Mudassiru, auta. Mahaifina ya musulunta tun yana saurayi. Gwaggo da Baba Daniel suna zuwa coci. Baba Sallau kuwa ya ce shi inda ubansa ya bar shi nan yake, ba ya motsawa. Da Sallah a gidanmu yake cin tuwo, da Kirsimeti a gidan Baba Daniel, kuma duk shekara sai ya faɗi inda miya ta fi daɗi, don kawai a yi rigima.

Gwaggo tana da shekara goma ruwan kanal ya fara zuwa garinmu. Ta ce ta ɗauka zuwa yamma zai ƙare, don haka ta cika duk tukwanen gidan, har da tukunyar giyar Jaji, ta sha duka a kan haka. Ta auri Luka, manomin tumatir, suka haifi biyar, ya rasu, 'ya'yan suka watsu Kano da Zariya. Tun daga nan duro ne abokin hirarta, sai Kubra da Luba, matan da suke aiki tare. Mace ce mai faɗa da dariya a numfashi ɗaya. Gwiwoyinta sun lalace da tsayuwa, har ta sa musu suna: ta dama Hajiya, ta hagu Madam, wai don duka biyun ba sa son aiki.

Akwai wata rawa a gidanmu da ake kira rawar rakiya. Idan tsoho ya mutu, mace ɗaya daga cikin gidan take fita ta yi ta, ta raka shi zuwa bakin hanya ta dawo ita kaɗai. Dokarta mai tsauri ce. Ba a yin ta sai da mamaci, ba a yi wa mamaci ɗaya sau biyu, kuma ba a koyar da ita. Da ido ake ɗauka a wurin makoki. Mamacin kuma sai ɗan gida, ko baƙon da ya taɓa shan ruwan gidan. Wanda ya yi ta haka kawai, an ce ya kira mutuwa ke nan ta zo ta ga wa ake rakawa. Gwaggo ta ɗauke ta daga kakarta, kuma rabonta da yi tun rasuwar Jaji a 1998. Bayan nan duk wanda ya mutu, ko liman ya sallace shi ko fasto ya binne shi. Saura Baba Sallau, shi kuma ya rantse sai ya ga bayan kowa.

Na sha roƙonta ta taka mini ko kaɗan in ɗauka a waya. Sai ta ce, "To wa za mu kashe, Bashira? Zaɓi ɗaya, in dai ba ni ba." A haka maganar take mutuwa. Ita ma ta san Hajiya da Madam ba za su jira Baba Sallau ba, kuma ranar da suka ajiye aiki rawar ta tafi ke nan.

Wata safiya bara muna shanya, rediyonta da take ratayewa a reshen darbejiya ya yi ta maganar manyan ƙasashe da makaman nukiliya. Ta ce, "Ke mai littafi, wannan nukiliyar da suke yi wa juna barazana da ita, bindiga ce ko cuta?"

Na nemo mata bidiyo a waya. Wani haske ya walƙa, sai farin hayaƙi ya miƙe sama ya buɗe kamar lema. Ta kai wayar kusa da hancinta.

"Wannan ai durona ne idan an ɗage buhu."

Kubra ta yi dariya, ita ba ta yi ba. Na gaya mata abin da na sani: a 1945 an jefa shi a birane biyu na Japan, mutane dubbai suka mutu nan take. Akwai wanda yake zaune a kan matakalar dutse, shi ya tafi, inuwarsa ta zauna a jikin dutsen. Waɗanda suka ƙone ba su mutu nan take ba kuwa, ruwa suka yi ta roƙo.

"An ba su?"

"Wasu ba su samu ba, Gwaggo."

"Wa ya raka su?"

Na ce mutanensu suna tunawa da su duk shekara, suna yi musu addu'a irin tasu. Ta ce, "Wanda ya bar dangi ke nan. Gidan da uwa da uba da jika suka tafi lokaci ɗaya fa? Wa ya rage da zai fita ya kai su bakin hanya?" Ta ci gaba da jan shinkafa da ƙafa, ta je ƙarshen daɓe ta dawo, sannan ta ce, "Wayar nan taki, minti nawa take iya ɗauka?"

Da 'yan'uwanta suka ji tana so ta yi wa mutanen Japan rawar rakiya a ɗauka a waya, aka zauna a ƙarƙashin mangwaron ƙofar gidan Baba Sallau bayan la'asar. Mahaifina ne ya fara. Ya ce, "Yaya, ke fa dattijuwa ce. Fuskarki ta shiga wayoyin mutane kina rawa, gobe in shiga masallaci a ce ga ƙanen tauraruwa?"

Baba Daniel ya ce shi ma abin da zai faɗa ke nan, sai dai a cire masallaci a sa coci.

Gwaggo ta ce, "Wa ya ce muku fuskata za a ɗauka? Mutumin nan inuwa ya bari. Ni ma inuwa zan bari, sai ƙafa. In akwai wanda zai gane ƙafata a coci, to ba wa'azi yake saurare ba."

Suka kalli juna suka ce to, shi ke nan. Na san dalilin saurin yardarsu. Sun tabbata Baba Sallau zai hana, gara a bar masa baƙin jinin.

Shi kuwa yana kishingiɗe yana ɓare gyaɗa. Shekara ashirin da shida ya yi yana aikin buɗe ƙofofin ruwa a kanal, kuma har yau ba ya yarda kowa ya san ruwa sai shi. Ya ce, "Laraba, mutanen nan 'yan gidanmu ne?"

"Baƙi ne."

"Sun sha ruwanmu?"

Ashe ta shirya. Ta ce gobe za ta ɗebi ruwan randarta a ƙwarya ta zuba a magudana da sunansu. Magudana ta kai kogi, kogi ya kai teku, Bashira kuma ta ce Japan a tsakiyar teku take.

Baba Sallau ya tashi zaune. Ban taɓa ganin farin ciki irin wannan a fuskarsa ba. Ya share ƙasa da tafin hannu, ya ɗauki tsinke ya fara zane. "Ga dam ɗin Tiga. Ga kanal. Ga mu nan. Ruwanki ya bi magudana ya faɗa Kogin Kano, ko? Ya haɗu da Challawa, ya wuce Wudil. Ya je Haɗeja, in masu injin ban ruwa sun bar shi. Ya je Gashuwa. In yana da sauran rai ya kai Tafkin Chadi." Ya soka tsinken a ƙasa. "Daga nan babu ƙofa. Ruwanmu ba ya zuwa teku, Laraba. Bai taɓa zuwa ba. Sai dai in Barebari za ki raka."

Gwaggo ta juyo gare ni. "Gaskiya ne?"

Na ce haka aka koya mana a makaranta.

"Amfanin karatunki ke nan," in ji ta, ta ja Hajiya da Madam ta tafi.

Kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba sai duro. A rana ta huɗu da hantsi ta aike ni in kira Baba Sallau, wai ya zo ya duba mata wani abu da ya shafi ruwa. Da haka kaɗai ake fito da shi daga gida da sauri. Ya zo da sandarsa ya tsaya. Shinkafa ta turaru, buhunan da aka rufe bakin duron da su sun jiƙe sharkaf. Ta sa itace ta ɗage su. Tururi ya tashi fari fat, ya wuce darbejiya, ya buɗe a sama.

Ta ce, "Yaya, wannan mene ne?"

"Tururi mana."

"Kafin ya zama tururi fa?"

Ya ƙura wa duron ido.

"Daga randata na ɗebo shi da hannuna. To shi ma ta Wudil yake bi?"

Ya ɗaga kai ya bi shi da kallo har hularsa ta kusa faɗuwa. A ƙarshe ya ce, "Can sama ban taɓa aiki ba."

"Bashira ta ce hadari yake zama, iska ta kai shi inda ta ga dama, ya sauka. Shekara talatin ina aika shi kullum. A ce ko ɗigo ɗaya bai sauka a kan kabarinsu ba?"

Ya sosa gemu. "Shekara talatin," in ji shi. "To, sun sha." Sannan ya ɗaga sanda. "Amma sau ɗaya. Doka ba ta canza ba don baƙin suna da yawa."

Aka sa ranar Asabar, bayan girbin damina. Gwaggo ce ta tsara komai, ni wayata kawai aka ara da hannuna. Ta tara tokar ƙaiƙayin da take hura wuta da shi ta mako guda, ta sa aka tankaɗe ta, aka shimfiɗa a kan daɓen shanya har ya yi fari kamar an zuba gari. Ta zaɓi sassafe, lokacin da rana take jefa inuwa doguwa a bangon ɗakin ajiya. Ta ce in fara da bangon babu kowa, sannan Kubra ta ɗage buhu, tururi ya tashi, sannan inuwa ta shigo. Ta nuna mini inda zan tsaya ta zana da ƙafa. "In kika motsa daga nan, ko kika taɓa wayar nan, ke zan raka."

Makaɗin gidan ya mutu tun ina goye. Gwaggo ta ce ba komai, a ji ƙarar wuta da ta injin ban ruwan maƙwabta. Baba Sallau ya ce shi ba kiɗa ya zo yi ba, ya zo ya ga ba a karya doka ba ne. Sai dai ya zo da wata tsohuwar jarka babu komai a ciki, wai ta zama ce. Mahaifina da Baba Daniel suka tsaya can nesa a bakin kanal, kowa yana yi kamar kallon ruwa ya kawo shi.

Ta fito ba takalmi, da tsohon zanen saƙi na kakarta. Ta tsaya a bakin tokar ta ce da ƙarfi, yadda ake ce wa baƙon da ba a san sunansa ba, "Baƙon gida, ka sha ruwa, ga hanya." Sai ta gyara, "Baƙin gida, kun sha ruwa."

Ta buga dunduniya sau uku, kamar mai tashin wanda ya yi barci. Inuwarta ta hau bango, doguwa, siririya, ba ta yi kama da Gwaggo ba ko kaɗan. A bugu na huɗu na ji jarka ta amsa. Baba Sallau ya sauka daga kanta ya ɗora ta a cinya, idonsa a rufe.

Abin da ban sani ba shi ne Kubra ta ga duro ɗaya ba zai isa baƙi masu yawa haka ba. Ba ta gaya wa kowa ba ta hura uku. Da aka ba ta alama, ita da Luba suka ɗage duka lokaci ɗaya, iska kuma ta juyo da shi kaina. Fuskar wayar ta yi fari. Na ɗauka tururin nake gani, zai wuce. Ni da idona ina hango Gwaggo a ciki, tana jan ƙafar hagu, tana juyi, tana miƙa hannu baya kamar tana riƙe da wani tana ce masa ya taho. Wannan shi ne tsakiyar rawar, tafiyar kanta, inda ake juyi bakwai kowanne da irin takunsa. Hannuna yana ƙaiƙayin in goge gilashin, amma an ce kada in taɓa. Sai da rana ta busar da shi da kanta. Lokacin ta riga ta kai ƙarshen daɓe, ta saki hannun da take riƙe da shi, ta juyo. Ba a waiwaye a dawowa. Ta tako a hankali har bakin toka, ta zauna daɓas a kan turmi, ta ce, "Madam ta yi murabus."

Aka taru a kan wayar, har da masu kallon ruwa. Ga bango. Ga inuwa. Ga dunduniya uku. Sai fari. Minti ɗaya, biyu, uku, huɗu, babu komai sai fari da ƙarar jarka da numfashin Gwaggo. Sannan ƙafafu biyu suna dawowa.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini." Kubra ta ja gyale ta rufe baki.

Baba Daniel ne, wanda ya ce coci za ta yi magana, ya fara cewa, "A sake mana. Ai ba a gani ba." Mahaifina ya ce, "Gaskiya, Yaya Sallau, abin da ba a gani ba kamar ba a yi ba ne."

Baba Sallau ya kalli ƙanwarsa. Ita ce ta amsa. "An yi. Sun tafi. In koma in ce musu ku dawo, waya ba ta ɗauka ba?" Ta shafa gwiwa. "Dama don su na yi. Na so a ce rawar ta zauna muku, to ba ta zauna ba."

Rana ta fara zafi, ga shinkafar duro uku tana jiran shanya. Luba ta ɗauko tsintsiya ta nufi daɓe.

"Ke! Tsaya nan!"

Baba Sallau ne, har ya yar da jarka. Ya dogara sanda ya zo bakin tokar ya sunkuya. Sai a lokacin muka duba. Duk rawar tana nan kwance. Ga ramukan dunduniya, ga dogon jan ƙafar hagu, ga da'ira inda ta juya a kan yatsu, ɗaya bayan ɗaya har bakwai, ga sawun dawowa a miƙe a gefe.

"Mai littafi, kunna abin nan ki biyo ni. Kada ki taka."

Muka bi gefen daɓen, yana nuni da bakin sanda kamar yadda yake nuna wa manoma inda ruwa zai bi. "Nan ta tashe su. Nan ta ja hagu, dama ta biyo a taƙaice. Wannan juyin farko ne, a kan dunduniya ake yin sa. Na biyu a kan yatsu. Nan ta tsaya ta jira masu nauyin ƙafa, kin ga sawun ya nutse. Nan kuma ta yi kuskure."

"Ƙarya kake!" in ji Gwaggo daga kan turmi.

"Kakarmu sau biyu take ja a nan."

"Kakarmu mutum ɗaya take rakawa. Ka taɓa jan gari guda da gwiwa ɗaya?"

Duk wannan ya shiga fim ɗin. Haka kuma muryar mahaifina ta shiga yana korar kaji da hularsa, da Baba Daniel yana kokawa da akuyar Kubra da ta ga fari ta ɗauka dusa ce. Da muka kai ƙarshe na ce, "Baba, ba an ce ba a koyarwa ba?" Ya ce, "Wa na koya wa? Sawu nake dubawa."

Minti goma sha ɗaya ne fim ɗin, huɗu daga ciki fari ne. Na so in yanke farin, Gwaggo ta hana. Ta ce su ma mutanen abin da suka gani ke nan. Ƙanwata Surayya da ke karatu a Kano ta nuna wa malaminsu, ta dawo tana cewa, "Gwaggo, wai experimental film kika yi, wato fim na gwaji, wai a ina kika yi training, kika koyo?" Gwaggo ta ce ta gaya masa a bakin duro, in yana so ya zo akwai gurbin mai hura wuta. Matan zumunta sun kalla a coci, matan Islamiyyar unguwarmu sun kalla a wayar Kubra. Duka sun gane ƙafar.

A littafi, a shafin rasuwa na sa shi, ƙarƙashin sunan Jaji da waɗanda suka biyo shi. Na rubuta: baƙi daga Japan, ba a san sunayensu ba, Laraba ta raka.

Gwaggo ba ta tsayuwar shanya yanzu, daga kan turmi take ba da umarni. Makon jiya na tarar Luba da Kubra suna juya shinkafa a kan daɓe da ƙafa, yadda aka saba. Sai na ga Luba ta ja hagu, dama ta biyo a taƙaice, ta juya a kan dunduniya.

Gwaggo ta daka mata tsawa. "Ke Luba! Wa ya mutu?"

"Shinkafa nake juyawa, Yaya."

Gwaggo ta bi ta da kallo har ta kai ƙarshen daɓe. Sannan ta ce, "To in shinkafa ce, na biyun a kan yatsu ake yi."